Ofishin da ya yi muna takardun sa ɗiyata makaranta a Masar

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mata da yawa sun tambaye ni yadda munka sa ɗiyata makaranta a Alƙahira, da kuma ko zan ba da shawarar a je ofishin da ya yi muna aikin nan Sakkwato. Amsar dai kashi biyu ce. In takardu ne ku je, sun iya aikinsu kuma ba su ci amana ba. In zaɓen makaranta ne da ajin da yaro zai shiga to wallahi kada ku bar masu, ku tsaya da ƙafarku. Ba zan faɗi sunan ofishin ba don ba tallarsu nake ba, kuma ba ɓata su na zo yi ba.

Mu abin da ya kai mu jinyar Hajiya ce, mahaifiyar maigida, likita ya ce abin zai ɗauki watanni, maigida shi kuma yana da shago a kasuwa ba zai iya zama ba sai dai ya je ya dawo, ni ce mai zama da ita, kuma ba yadda za a yi in bar yarinya 'yar shekara 5 a unguwar Arkilla nan Sakkwato ina can wata ƙasa. Ta gama nazire kenan za ta shiga firamare. Shi ya sa munka nemi masu wanga aiki.

Wajen takardu gaskiya sun burge ni. Tun zaman farko Malamin da ke ofis ɗin ya ce mani, Hajiya, takardar haihuwar asibiti ba za ta yi ba, sai ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma sunan da ke kanta ya zama harafi da harafi daidai da na fasfo. Nan munka ga sunan mahaifinta an rubuta shi iri biyu, aka gyara kafin a je ko'ina. Daga nan su sunka kai takardun Abuja aka buga hatimin Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan na ofishin jakadancin Masar, aka fassara su zuwa Larabci. Duk matakin da sunka wuce sai su turo hoto ta WhatsApp, kuma kuɗin hukuma daban sunka rubuta, ladan aikinsu daban, da rasit. Wanda ya taɓa ba ejan kuɗi ya koma yana bin shi da waya ya san darajar wannan. Sun kuma tuna muna da katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, da katin rigakafin yarinya na jarirai, wanda makarantar ta nema tun ranar farko. Tikiti ma su sunka yanka muna na EgyptAir daga Kano, tunda daga filin jirgin Sultan Abubakar III babu mai tashi kai tsaye zuwa Alƙahira.

To yanzu ga inda raina ya ɓaci. Sun tabbatar muna cewa sun samar mata gurbi a aji ɗaya na firamare a wata makarantar kuɗi da ke unguwar Madinat Nasr a Alƙahira. Muna zuwa shugabar makarantar ta duba fasfo ta ce ba zai yiwu ba. A Masar ana lissafin shekarun yaro ne zuwa ranar 1 ga Oktoba, kuma aji ɗaya na mai shekara 6 ne, wani lokaci a ɗan sassauta in akwai gurbi amma ita ko kusa ba ta kai ba. Mu nan gida an saba a tura yaro firamare yana shekara 5 ba wanda zai ce uffan, can kuwa doka ce. Haka anka mayar da ita KG2, ajin ƙarshe na nazire. Wannan abu ne da duk mai karɓar kuɗin mutane da sunan sa yara makaranta a Masar ya kamata ya sani kafin komai, ranar haihuwarta tana gabansu cikin takardun da su da kansu sunka kai Abuja. Da na kira Malam ya ba da haƙuri, ya ce wakilinsu na can ne ya faɗa masu haka, kuma sun mayar muna da wani ɓangare na ladan ba tare da na yi rigima ba. Na yaba da hakan. Amma yarinya an riga an ce mata za ta aji ɗaya, ta faɗa wa duk 'yan gidanmu, ta yi kuka ba kaɗan ba, wannan kuɗi ba ya gyara shi.

Wakilin nasu ɗalibi ne ɗan Najeriya da ke karatu a Azhar, yaron kirki mai ladabi, ya tarbe mu a filin jirgi, ya samar muna haya a Hayyul Ashir inda 'yan Afirka suke da yawa, ya raka ni ofishin fasfo na Abbasiyya kan maganar iƙama, wato takardar izinin zama. Sai dai shi saurayi ne bai da iyali, bai taɓa kai yaro makaranta ba, abin da ya sani harkar manyan ɗalibai ce. Bai tambayi nisan makarantar daga gida ba, ga cunkoson Alƙahira, motar makaranta na zuwa gari bai gama wayewa ba, kuma kuɗinta daban yake, haka yunifom da littattafai, babu ko ɗaya a lissafin da anka ba mu a Sakkwato. Lissafin ma kansa ku nemi a rubuta maku shi da kuɗin Masar ko da dala, da kwanan wata, don a watan Maris na 2024 fam ɗin Masar ya faɗi daga kusan 31 zuwa kusan 50 a kan dala ɗaya, kuma komai ya tashi a bayansa. Tsohon lissafi yaudara ce ko da mai shi bai yi niyya ba.

Sai maganar harshe, wadda ba wanda ya zauna ya yi muna bayaninta. An ce muna ai tana zuwa Islamiyya ba za ta sha wuya ba. Larabcin littafi daban, wanda yaran Masar ke yi a filin wasa daban, makonnin farko shiru take zama ba ta gane ko kiran da ake mata, abincinta ma dawowa take da shi. Malamarta Allah ya saka mata da alheri, ita ta zaunar da ita kusa da wata yarinya 'yar Sudan, daga nan bakinta ya buɗe, kafin sanyin Janairu ya shigo sosai ita ke yi mani tafinta wajen mai burodi. Karatun Alƙur'ani kuma ta fara da Warshu a makarantar allo wajen kakanta, can kuwa Hafsu ake yi, sai malamar ta riƙa gyara mata abin da ba kuskure ba ne, sai da na je da kaina na yi mata bayani ta fahimta. Iyayen da 'ya'yansu sunka fara da allo ku faɗi wannan tun ranar rajista.

Ga masu shirin zuwa da dawowa irin namu, ku san kalandarsu ba irin tamu ba ce. Zango biyu suke yi ba uku ba, ana komawa wajen ƙarshen Satumba, hutun tsakiyar shekara na zuwa ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, mako kuma Lahadi zuwa Alhamis ne, Juma'a da Asabar hutu. Ofishin sun sa muna ranar dawowa gida a Disamba suna zaton hutu ne kamar nan, sai da munka biya kuɗin canjin tikiti.

Da munka dawo Sakkwato gaba ɗaya bayan Hajiya ta samu sauƙi, Alhamdulillah, wakilin ne ya karɓo muna takardar shaidar kammala shekara daga makarantar ya turo ta hannun wani mai zuwa Kano, da ita anka karɓe ta a firamare nan ba tare da matsala ba. Wannan ba ya cikin yarjejeniyarmu kuma bai nemi ko sisi ba. In za ku je wajensu, ku ce a haɗa ku ta waya da wata uwa da ke da yaro a makarantar da sunka zaɓa kafin ku biya kuɗin gurbi, kuma ku ce makarantar da kanta ta rubuto ajin da za a sa shi bayan ta ga fasfo.