Hunturu biyu da sabuwar boila a gidanmu na Mancesta

Tsohuwar boilar da muka tarar a gidan, wato na'urar da ke ɗumama mana ruwa da ɗakuna, ta mutu ne a watan Nuwamba, da asuba, ina tsaye a banɗaki zan yi alwala. Wanda bai taɓa sa hannu cikin ruwan famfon Ingila da hunturu ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Kwana tara muka yi muna dafa ruwa a buta, yara suna kwana da rigunan sanyi. Yanzu mun ci hunturu biyu da sabuwar, shi ya sa na ga ya dace in faɗi yadda na same ta.

Gidan namu mai ɗaki uku ne da banɗaki ɗaya, irin jerin gidajen jan bulo da suka cika garin. Tsohon tsarin yana da tankin ruwan sanyi a ƙarƙashin rufi, da wani na ruwan zafi a cikin kabad. Na zaɓi irin wadda ake kira kombi, wadda ba ta ajiye ruwa, sai ka buɗe famfo ta ɗumama shi nan take, kuma ita ce ke tura ruwan zafi zuwa radiyetoci, wato ƙarafan da ke jikin bango masu ɗumama ɗakuna. Tankunan biyu duk aka cire su, maman yara ta samu wurin ajiye barguna.

Masu aiki uku na kira. Na farko ko mitar gas bai duba ba, ya ce in sayi mai kilowat 40 (ma'aunin ƙarfin boila ke nan), wai babba ta fi. Na biyu ta waya ya ba ni farashi. Na ukun, wanda na ba aikin, da ya shigo sai ya nuna mini katinsa na Gas Safe, rajistar da doka ta wajabta wa duk mai taɓa gas a ƙasar tun 2009, sannan ya ce in ba shi bokiti. Ya tara a famfon kicin yana duba agogo: lita 10 cikin daƙiƙa 40, wato lita 15 a minti ɗaya. Ya ce ruwan da ke shigowa gidan ke nan, ko wace irin boila na saya ba za ta ƙara ɗigo ɗaya a kai ba. Mai kilowat 30 tana ba da kusan lita 12 na ruwan zafi a minti, kuma ta ishe mu. Ɗumama ɗakunan kuwa, gida irin namu bai cika neman fiye da kilowat 10 ba ko a ranar da sanyi ya fi tsanani.

Inda kuɗina ya tafi ban yi zato ba shi ne bututu, kuma a nan ne na fi gode wa mutumin. Bututun gas da ke tahowa daga mita mai faɗin milimita 15 ne. Kombi tana zuƙar gas da yawa a lokaci guda idan ana wanka, siririn bututu ba ya iya ciyar da ita, don haka aka ja sabo mai milimita 22, aka ɗaga katakon daɓen falo. Raina bai so ba a lokacin. Sai da ya kwance radiyeta ɗaya ya zazzage ta a bayan gida, na ga baƙin ruwa mai kauri kamar kunu yana fita, tsatsar shekara da shekaru, sannan na daina gardama. Yini guda ya yi yana wanke bututan da inji, ya zuba maganin hana tsatsa, ya ɗaura matata mai maganaɗisu a kan bututun da ke dawo da ruwa. Da aka buɗe matatar bayan shekara, ta kama baƙar laka da dama, wadda da cikin sabuwar boilar za ta shige.

Akwai kuma ɗan farin bututun roba da mutane ba sa kulawa da shi. Tun 2005 doka ta ce sababbin boilolin gas su zama masu tatsar zafi daga tururin hayaƙinsu, tururin ya koma ruwa ya fita ta wannan bututu. Idan ya bi ta waje, ƙanƙara tana toshe shi, boila ta tsaya cak, kamar yadda ya faru a gidaje masu yawa a sanyin ƙarshen Fabrairun 2018. Namu ta cikin gida aka bi da shi, aka haɗa da magudanar kicin.

Wannan tatsar zafin ba ta yiwuwa sosai sai ruwan da ke dawowa daga radiyetoci bai kai digiri 55 ba. Na sauke zafin ruwan da ke fita zuwa 60. Radiyetocin ba sa ƙona hannu kamar da, ɗaki yana ɗaukar lokaci kafin ya ɗumama, amma ɗumin yana zama daram, kuma gas ɗin da mita ke nunawa ya ragu a fili idan na kwatanta da hunturun farko da muka yi a gidan.

Abin da ban ji daɗinsa ba guda biyu ne. Idan wani yana wanka aka buɗe ruwan zafi a kicin, ƙarfin ruwan yana raguwa. Da Hajiya ta zo mana daga Kano, kwana biyu kawai ta yi ta kira ni ta ce, "Kai, wannan famfon naku sai an bi layi?" Na ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, zan hana su taɓa na kicin idan kin shiga." Gidan da ke da banɗaki biyu da mutane da yawa, ina ganin gara mai tankin ruwan zafi. Na biyu, ɗakin sama na baya har yanzu yana jinkirin ɗumama, saboda bututun da ke kai masa ruwa siriri ne mai milimita 10, ni kuma na ƙi yarda a canza shi don tsoron kashe kuɗi. Injiniyan ya gaya mini tun farko. Na riga na yi magana da shi, zai dawo a watan Yuli ya canza shi, ya haɗa da duba boilar na shekara.