Nikon D750 ta hannu: abin dubawa kafin a taya

Nikon ta fito da D750 a watan Satumba na 2014, a 2020 kuma D780 ta gaje ta, amma har yau tana cikin kyamarorin da suka fi yawo a kasuwar kayan hannu. Sensarta, wato farantin ciki da ke kama hoto, babba ce mai megafiksel 24, tana da ɗigon saita fokas 51, tana ɗaukar hoto shida da rabi a daƙiƙa guda, tana cin katin SD biyu, allonta kuma yana lanƙwasawa sama da ƙasa. A wuri mai ƙarancin haske hotonta yana fita da tsabta, kuma batir ɗaya kan kai hoto dubu da ɗoriya. Tana da ɗan inji a jikinta da ke juya fokas ɗin tsofaffin gilasan (lens) Nikon na AF-D, waɗanda ake samu da rahusa. Mai neman bidiyo dai ya yi gaba, domin ba ta da 4K, fokas ɗinta ta allo kuma akwai nawa. Ta masu hoto ce zalla.

Sai dai D750 biyu za su iya yin kama da juna a ido, ɗaya ta cancanci kuɗinta, ɗaya kuwa ko rabinsu ba ta kai ba.

Tambayar farko da kowa ke yi ita ce ta shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe a gaban sensa duk lokacin da aka danna. Nikon ta gwada shotar wannan kyamara zuwa bugu 150,000. Kada ka dogara da bakin mai sayarwa, ko da mutumin kirki ne, don yawanci shi ma kintace yake yi. Ɗauki hoto ɗaya da hannunka, ka zuba shi a kwamfuta ba tare da ka taɓa shi da manhajar gyaran hoto ba, ka buɗe shi da ExifTool, manhajar da ke karanta bayanan da ke ɓoye a cikin hoto, ka nemi layin Shutter Count, wato adadin bugun shota. Lambar da ke jikin sunan fayil ba ita ba ce, wannan ana iya mayar da ita baya. Adadin 150,000 ba wa'adin mutuwa ba ne. Wata shotar takan zarce shi nesa, wata ta mace tun ba ta kai rabi ba. Amfaninsa a wajen ciniki ne: mai bugu 20,000 da mai 130,000 ba za su zauna a farashi ɗaya ba, don mai sayen ta biyun dole ya ware kuɗin canjin shota a gefe.

Wannan samfurin yana da tarihinsa. A rukunin farko, idan haske mai ƙarfi ya faɗo daga saman hoto, wata baƙar inuwa kan yanke hasken. Nikon ta karɓi irin waɗannan ta gyara, ana kuma gane wadda aka duba da baƙin ɗigo a cikin ramin da ake ɗaura ƙafar kyamara. A 2015 ta sake fitar da sanarwa kan shotar wasu rukunai, ta faɗaɗa ta a 2016 da 2017. Saboda haka ka karɓi lambar siriyal ka bincika, ka kuma tambayi takardar gyara. Kyamarar da aka sa wa sabuwar shota, da takarda a hannu, ta fi wadda ba a san labarinta ba.

Amma abin da ya fi shota hatsari shi ne ruwa da faɗuwa, kuma su ne mai sayarwa bai cika ambata ba. Buɗe gidan batir ka haska tocila. Kore ko farin gari a kan ƙarafunan ciki alamar danshi ce. Duba ramukan USB da HDMI, da kan ƙananan sukurorin ƙasa. Tsatsa a nan tana nufin ta ciki ta fi haka, sukuron da kansa ya cinye kuma yana nuna an taɓa kwance kyamarar da abin da bai dace ba. Irin wannan ba a tayawa, barinta ake yi, don lalacewar allon lantarki ba ta sallama kafin ta zo. Gogewar fenti a kusurwa ko robar mariƙi da ta fara ɓallewa ba komai ba ne, aiki ne ya nuna. Lotsawa a gefe ko tsaga kusa da filasha kuwa shaidar faɗuwa ce, sai a gwada fokas da kyau: a kafa kyamarar, a buɗe gilashi iyakarsa, a saita kan layi ɗaya na rubutun da aka karkata, a ɗauka sau biyar. Idan kullum layin gaba ko na baya ke fita tas, kuma kaucewar kaɗan ce, AF fine-tune, saitin daidaita fokas da ke cikin kyamarar, zai gyara. Idan gefen dama ya fita na hagu ya dushe, bakin da ake ɗaura gilashi ya karkace, gyaransa kuma ba arha.

Gwajin sensa minti biyar ne. A tsuke ƙofar gilashi zuwa f/16, a sa ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, a 100, a ɗauki farin bango ba tare da fokas ba, a zuƙo hoton a kwamfuta. Ɗigo-ɗigo masu laushi ƙura ce, gogewa take. Dogon layi siriri ƙarzuwa ce daga hannun wanda ya goge da ganganci. Sannan a rufe murfin gilashi a ɗauki hoton daƙiƙa 30. 'Yan ɗigon ja ko shuɗi a tsohuwar sensa ba abin damuwa ba ne, amma layi guda daga sama har ƙasa matsala ce. A gwada kowane ramin kati shi kaɗai, a danna a riƙe a saurari madubin cikin kyamarar, a lura ko saƙon matsala na Err ya bayyana. A sashen Battery info na saitin kyamarar akwai ma'aunin tsufan batir daga 0 zuwa 4. Mai 4 ya gama yayi. Idan da gilashi ake sayarwa, galibi 24-120mm, a haska tocila ta bayansa, zare-zare kamar saƙar gizo funfuna ce.

Sai farashi. Kuɗin da aka rubuta a talla buri ne, ba ciniki ba. Abin dubawa shi ne wanda aka sallama. A eBay, kasuwar intanet, ana iya tace abubuwan da aka riga aka sayar: a ɗauki goma na baya-bayan nan, jiki kaɗai ba gilashi, masu bugun shota kusa da na wadda ake so, a jefar da mafi tsada da mafi arha, a riƙe na tsakiya. Sannan a nemi lambobi biyu daga dillalai irin su MPB ko KEH: nawa suke saye, nawa suke sayarwa. Farashin mutum da mutum a tsakanin biyun nan ya kamata ya faɗa, domin dillali yana ba da garanti na watanni da damar mayarwa, mai sayar da tasa kuwa da kuɗi sun shiga hannunsa an rabu. Wanda ya nemi kuɗin dillali ba garanti ya yi tsada.

Daga nan sai a zabtare abin da ya ɓace, kowanne da kuɗin sabonsa: cajar asali, batirin EN-EL15 idan na ciki ya tsufa ko jabu ne, murfin jiki, gogar sensa. Jaka da igiyar wuya da tsohon kati da ake lissafa maka a matsayin ƙari ba sa ɗaga farashi. Gilashi kuma a yi masa kuɗi daban, don a dunƙule ne ake ɓoye gilashi mai funfuna a bayan kyamara mai lafiya, ko akasin haka. Idan kuma mai ita ya hana a sa kati a ɗauki hoton gwaji, ko lambar siriyal ɗin ƙasa an kankare ta, ba sauran lissafin da za a yi.