Gargaɗi ga masu shiga gwanjon intanet: ba duk mai tayi ne ke son kayan ba

Jama'a, duk wanda ya san yana sayen kaya a gwanjon intanet, don Allah ya karanta wannan kafin ya sake yin tayi. Akwai masu sayarwa da ke taya kayansu da kansu. Mutum zai buɗe asusu na biyu da na uku da sunaye daban, ko ya sa ƙaninsa ko yaron shagonsa, su riƙa ɗaga farashi, kai kuma kana can kana zufa kana zaton da wani mai saye kake ja. Kayan dai za su iso hannunka lafiya, shi ya sa da yawa ba su taɓa sanin an cuce su ba. Abin da aka sace shi ne ratar da ke tsakanin kuɗin da ya kamata ka biya da kuɗin da aka tura ka ka biya.

Abin da ya sa na yi wannan rubutu wani mai sayar da tsofaffin kyamarori ne a wani dandalin gwanjo. Ba zan faɗi sunansa ba, domin zargi ne, kotu ba ta kama shi ba, kuma salon aikinsa ya fi sunansa amfani a gare ku. Yana fara kowane kaya da farashi ƙasa ƙwarai, abin da zai ja hankalin kowa. Idan ka buɗe tarihin tayi na kayansa, sai ka tarar da wasu asusu biyu da ba sa rabuwa da shi. Ba su da wani tarihin sayayya na kirki, ba sa taya kayan kowa sai nasa, kuma ba ruwansu da irin kayan: yau gilashin kyamara, gobe jakar rataya, jibi fitilar ɗaukar hoto, duk suna so. Amma da wuya su ci. Ran da ɗayansu ya ci wani gilashi, ba a jima ba sai ga gilashin nan ya dawo gwanjo, da hoto iri ɗaya, a kan shuɗin ƙyalle iri ɗaya, da 'yar ƙwarzanar nan a gefen murfi. An rubuta wai wanda ya ci bai biya ba. To, hakan na faruwa. Sai dai wanda bai biya ba ɗin shi ne ya sake buɗe tayi a kaya na gaba, kuma mai kayan bai toshe shi ba. Wane ɗan kasuwa ne za a ƙi biyansa, ya bar ƙofa buɗe ga mutumin ya dawo?

Kafin a gane yadda cutar take, sai an gane yadda tayi yake aiki a irin waɗannan dandali, domin a nan ne mafi yawan mutane ke tuntuɓe. A eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a 1995, da sauran da suka kwaikwaye shi, adadin da ka rubuta ba shi ne za a nuna ba. Kana faɗa wa na'ura iyakar abin da za ka iya biya ne, ita kuma ta riƙa taya maka kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da zai sa ka ci gaba da zama a gaba. Saboda haka mai nasara yakan biya tayin wanda ya zo na biyu da ɗan ƙari a kai. Tsarin ya yi kusa da wanda masanin tattalin arziki William Vickrey ya bayyana a 1961, kuma kyansa shi ne mutum zai iya faɗin gaskiyar iyakarsa ba tare da tsoro ba. Amma duk wannan ya rataya ne a kan abu guda, wato na biyun ya zama mai saye na gaske. Idan na biyun mai kayan ne da kansa, to shi yake yanka maka farashi, kuma babu abin da zai tsayar da shi sai iyakar da ka rubuta.

A ce agogo ne. Ka sa iyakarka dala 150 tun gwanjon yana da sauran kwanaki. Mai saye na gaske da ke ja da kai ya tsaya a dala 60, don haka da an bar ku ku biyu, a dala 61 za ka ɗauka. Sai ga wani baƙon asusu ya taya 70, na'ura ta ɗaga ka zuwa 71. Ya taya 85, ta ɗaga ka. Ya taya 100, ya taya 120, kowane karo yana leƙawa ya ga ko ka ƙare. Daga nan ya yi tsalle zuwa 200. Yanzu shi ne a gaba, kuma farashin da allo ya nuna ya ɗara 150 da ɗan kaɗan, wato iyakarka ta fito fili ke nan. Sai ya janye tayinsa, ya ce kuskuren rubutu ne, hannu ya zame. Bayan wani lokaci asusu na biyu ya zo ya ajiye tayi dab da 150 ya yi shiru. Ka ci gwanjo, har da murna, ka biya ninki biyu da ɗoriya.

Akwai wata hanyar da ta fi wannan wayo, domin ba ta barin alamar janyewa. Asusun bogin zai ci gwanjon, sai bayan kwana ɗaya ko biyu saƙo ya zo maka cewa wanda ya ci ya fasa, ana ba ka dama ta biyu ka ɗauka a kan tayinka na ƙarshe. Damar ta biyu halastacciyar hanya ce a dandali da yawa, ba kowane mai aiko ta ne macuci ba. Amma ka lura da kuɗin da ake nema a gare ka: iyakarka gaba ɗaya. Idan wanda ya fasa ɗin shi kaɗai ne ya tura ka daga 61 zuwa 150, to da ba ya nan, 61 ne farashin. Ka faɗa wa mai kayan haka, ko ka ce ya mayar da shi gwanjo. In kuwa saƙon ya zo ta imel ko ta WhatsApp, ana cewa ka tura kuɗi kai tsaye a wajen dandalin, wannan ya wuce tayin bogi, sata ce tsagwaronta. Sau da yawa mai aiko shi ma ba mai kayan ba ne, wani ne da ya ga ka sha kaye ya biyo ka.

Kada wani ya ce wai dabarar kasuwa ce kawai. Dabarar ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana najashi, wato mutum ya ƙara wa kaya kuɗi alhali ba ya nufin saye, don kawai wani ya ruɗu. Dokokin eBay sun haramta ta, har da sa 'yan gida ko abokai ko ma'aikata su yi maka. Kotuna ma sun hukunta mutane a kanta. A 2000 wani lauya a Amurka, Kenneth Walton, ya sa wani zane a eBay ya fara da senti 25. Ya ce a wata 'yar kasuwar tsofaffin kaya ya tsinto shi, matarsa ta hana shi rataye shi a ɗaki, ɗansa ma ya huda shi da keken wasa. Duk ƙarya ce. Shi ya rubuta RD52, kamar sa hannun mai zane da shekara, a ƙasan zanen don masu ido su ɗauka aikin Richard Diebenkorn ne, fitaccen mai zanen da ya rasu a 1993, su zaci sun samu wawan da bai san abin da ke hannunsa ba. Shi da abokan haɗin bakinsa biyu suna da asusu barkatai da suke taya wa juna kaya da su. Zanen ya kai dala 135,805 kafin asiri ya tonu a soke cinikin. An gurfanar da su a 2001, Walton ya amsa laifi, ɗaya daga cikinsu kuma, Kenneth Fetterman, ya gudu, aka kamo shi daga baya aka ɗaure shi kusan shekara 4. Abin lura a labarin nan shi ne aikin da tayin bogi ya yi bai tsaya ga ɗaga kuɗi ba. Ya zama shaida. Duk wanda ya ga mutane suna rububin zanen sai ya ce lallai sun san wani abu. A Ingila ma, a 2010, kotu ta ci tarar wani mai hayar ƙananan motocin bas tare da sa shi aikin al'umma saboda taya kayansa da asusu na biyu.

Sai dai a yi adalci, domin na sha ganin mutane suna kururuwar an cuce su alhali ba a yi musu komai ba. Ka taya, nan take aka wuce ka, ka ƙara, aka sake wuce ka cikin ƙiftawar ido. Wannan yawanci ba mutum ba ne zaune yana jiran ka, na'ura ce ke kare wanda ya riga ka sa iyaka mai tsawo. Sabon asusu mai taya kaɗan-kaɗan ma ba hujja ba ce, haka sababbin shiga suke yi don ba su fahimci tsarin ba. Mai tara tsofaffin kyamarori kuma zai iya manne wa mai sayarwa ɗaya saboda ya yarda da kayansa. Alama ɗaya ba ta isa a zargi bawan Allah. Abin da ake dubawa shi ne haɗuwarsu da maimaituwarsu: asusun da kusan duk tayinsa a wurin mutum ɗaya yake, yana yawan janyewa, yana tsayawa daidai ƙasa da iyakar wasu, kuma in ya ci kayan su dawo. Ko da yake an daɗe ana ɓoye sunayen masu tayi da taurari, akwai lokacin da a eBay danna sunan yakan nuna taƙaitaccen bayani na kwana 30, har da kashi nawa na tayinsa ya tafi ga wannan mai sayarwa da sau nawa ya janye. Ni dai in na ga gwanjon da aka ɓoye masu tayinsa gaba ɗaya, a kan kayan da ba abin kunya ba ne a saya, wucewa nake yi.

To yaya mutum zai kare kansa? Mai tayin bogi lokaci yake buƙata, ya gwada, ya leƙa, ya sake gwadawa. Ka hana shi lokacin. A gwanjon da ke rufewa a tsayayyen lokaci, kada ka ajiye iyakarka tun da wuri. Ka sa kayan cikin waɗanda kake sa wa ido, ka yi shiru, sai saura 'yan daƙiƙoƙi ka yi tayi sau ɗaya da iyakarka ta gaskiya. Wasu na ganin wannan kwanton ɓauna rashin kirki ne, amma eBay bai hana ba, kuma ba ka ƙwaci haƙƙin kowa ba, tunda wanda ya sa iyakar da ta fi taka shi zai ci ko da tun makon jiya ya sa. Masana tattalin arziki Alvin Roth da Axel Ockenfels sun yi nazari a kan haka a 2002, suka kwatanta eBay da gwanjon da Amazon ke yi a lokacin, wanda ke ƙara minti 10 duk sanda tayi ya shigo a ƙarshe. Sun tarar jinkirta tayi ya fi yawa ƙwarai a eBay, kuma gogaggu sun fi yin sa. Saboda haka ka fara duba dokar rufewar dandalin. In mai ƙara lokaci ne, kwanton ɓauna ba zai yi maka aiki ba, abin da ya rage maka kawai shi ne riƙe iyakarka.

Ita kuma iyakar, a yanke ta tun zuciya tana sanyi. Ka duba nawa aka sayar da irin kayan a baya, waɗanda aka kammala cinikinsu, ba waɗanda ake nema a kansu ba, domin kowa na iya rubuta kuɗin da ya ga dama. Ka cire kuɗin aikowa da haraji da ladan dandali in akwai. Abin da ya rage ka rubuta shi a takarda. Sa ɗan canji a kai yana taimakawa, kamar 151.30 maimakon 150, tunda yawancin mutane a cikakken adadi suke tsayawa. Bayan nan in an wuce ka, an wuce ka. Duk aikin nan na ingiza mai kantu ruwa ne, kuma ya dogara ne ga wannan zafin da mutum ke ji in aka ce wani ya sha gabansa saura minti biyu, ya ce ai dala 5 ce kawai, ya sake cewa ai dala 5 ce kawai.

Masu sayarwa na gaskiya ma ana yi musu irin wannan ta bayan gida. Mutum ɗaya zai yi ƙaramin tayi da asusu ɗaya, ya yi babban tayi da na biyu don ya kori kowa, dab da rufewa ya janye babban, kayan su faɗo masa a araha. Wanda kuma yake tsoron kayansa su tafi a banza, akwai hanya ta halal: ya fara da farashin da zai iya sallamawa, ko ya sa mafi ƙarancin kuɗin da in ba a kai ba babu ciniki.

In ka ga alamun nan a gwanjon da kake ciki, ka ɗauki hoton shafin tarihin tayi tun kafin ya canja, da lambar kayan, da lokacin kowane tayi, da shafin da aka sake sa kayan in an sake. Kada ka tsaya cacar baki da mai kayan, toshe ka zai yi ya sauya asusu. Ka kai ƙorafi ta hanyar da dandalin ya tanada, domin su ne ke iya ganin ko asusun biyu suna da adireshi ɗaya, ko katin biya ɗaya, ko na'ura ɗaya, abin da kai ba za ka gani daga waje ba. In ka riga ka ci, ka shigar da ƙorafin kafin ka biya, ka ajiye lambarsa, don kada a rubuta ka cikin masu cin gwanjo su ƙi biya.