Littafin mazarin Ingila: shafi ɗaya ne ya biya ni kuɗina

Don 'yata na sayi ɗan littafin aljihun nan mai hotunan mazarin Birtaniya, saboda ta ishe ni da tambaya duk sanda muka bi ta bakin kogi a nan Ingila. Na ragi ne, ban sa ran komai ba. Sai ga shi ni uban ne na ƙwace shi, duk a kan shafin da ya yi bayanin sunan demoiselle.

Turawa sun raba mazari gida biyu: ƙato mai baje fukafukai in ya sauka, da siriri mai haɗe su a bayansa. Demoiselle cikin siraran yake. Ashe sunan aro ne daga Faransanci, ma'anarsa budurwa, kuma damsel ɗin da ke cikin damselfly, sunan siraran da Turanci, ma tushensu ɗaya. Ba nan abin ya tsaya ba. Linnaeus, masanin nan na Suwidin, a 1758 ya sa wa ɗaya daga cikin siraran virgo, wato budurwa da Latin, ya sa wa wani puella, yarinya. Daga baya aka samu sponsa, amarya. Sunan zuriyar demoiselle kuwa, Calopteryx, Girkanci ne: kyakkyawan fiffike. Abin da ya ba ni dariya, “budurwar” da kowa ke ɗauka hoto, mai shuɗin jiki yana sheƙi da fukafukai masu duhu, namiji ne. Mu dai da muka ce mazari, rawar jikinsa muka duba.

Da a nan na tsaya da na ce kowa ya saya.

Amma wallahi bugun ya ba ni haushi. Irin demoiselle biyu ne a ƙasar nan, kuma matan sun yi kama ƙwarai: ta ƙorama mai gudu da tsakuwa fukafukanta ruwan ƙasa ne, ta kogi mai laka nata sun yi kore-kore. A littafin duka biyun launi ɗaya suka fito, wani dishi-dishi. To da me yarinya za ta bambance su? Ga rubutu ƙanana sai da tabarau. An kuma rubuta a bango wai ruwa ba ya ɓata shi, yayyafi kaɗan ya taɓa shi shafuka suka manne, na tsakiya ya ɓalle. Littafin bakin ruwa fa, a Ingila! Na aika wa mai sayarwa saƙo, har yau shiru.

Tauraro uku, biyu daga ciki na shafin sunan ne.