Hattara masu mota a Kaduna: ana sayar da mataccen rak ɗin sitiyari da sunan ɗan Beljiyam

Assalamu alaikum jama'ar Kaduna. Da asarar kuɗi ce kaɗai da na bar wa Allah na yi shiru, amma wannan magana ce ta rai, shi ya sa nake faɗa.

Corolla gare ni, ƙirar 2006. Bayan damina, da irin ramukan da ta bari a unguwarmu, sai sitiyarin ya fara wasa. Ina murza shi kaɗan amma tayoyi ba sa amsawa da wuri, in na wuce Kawo na hau titin Zariya kuwa sai motar ta riƙa yawo ina kamo ta. Bakanikena ya yi tafiya garinsu, don haka na tsaya a wani gareji na bakin titi. Wanda ya tare ni bai sa jak ba, bai leƙa ƙarƙashin motar ba. Ta taga ya zura hannu, ya girgiza sitiyari sau biyu, ya ce, "Alhaji, rak ɗinka ya mutu, sai canji." Rak shi ne dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin mota, wanda ke karkata tayoyin gaba in an murza sitiyari. Ya buga waya, kafin rabin awa sai ga wani a kan babur da rak a buhu, baƙi wuluk yana sheƙi. Ya rantse ɗan Beljiyam ne, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, bai daɗe da sauka daga kwantena ba. Na nemi rasit, ya ce littafin yana shago, gobe zai aiko. Tsohon rak ɗina kuma suka ce ya zama na 'yan gwangwan, suka tafi da shi.

Da na karɓi motar sitiyarin ya yi tauri, na ɗauka haka sabon abu yake. Sai dai in na sha kwana ba ya komowa tsakiya da kansa, sai na dawo da shi da hannu. A mako na uku jan man sitiyari ya fara ɗiga inda nake ajiye ta, wasan ya dawo fiye da na da, ga wata ƙara ƙwas-ƙwas a kowane rami. Ranar da hankalina ya tashi ina kan titin Nnamdi Azikiwe da yara uku a baya, tirela a gefena, motar ta zame hagu ba da nufina ba. Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Da bakanikena ya dawo, dattijo ne da muke kira Baba, ya ɗaga motar ya ce in durƙuso in gani da idona. Tsohon rak ne aka wanke, aka fesa masa fenti har kan tsatsa da notoci. An cusa giris mai kauri cikin robobin gefe don kada a ji ƙara. Akwai wani noti a jikin rak da ke danna haƙoransa su haɗu daidai, shi suka ɗaure tamau, abin da ya sa sitiyari ya yi tauri ya daina komowa ke nan. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kan tayarod na hagu. Nawa ne na asali, ba su canza ba, guduma suka sa suka buga bakinsa don ya kama na ɗan lokaci. Baba ya ce, "Ɗana, ciwon da ka kai musu ke nan tun farko, kuma yana nan." Tayarod shi ne sandar da ke haɗa rak da taya. In kansa ya fita ana cikin gudu, tayar ba ta sauran jin sitiyari, duk inda ta ga dama za ta nufa. A ganin Baba, rak ɗina da suka ɗauke shi za a fesa wa fenti a kai wa na gaba.

Gano inda wasan yake ba ya cin minti 15, kuma kana iya tsayawa a yi a gabanka. A kunna mota tana tsaye, tayoyi a miƙe, ka murza sitiyari a hankali ka ga iya tafiyar da yake yi kafin taya ta motsa. Littafin Toyota ya ce kada ta kai milimita 30, wato kusan faɗin yatsu biyu. Daga nan a sa jak. Ka kama tayar ta dama da hagu ka girgiza: in tana ƙwas, a duba tayarod, na waje da na ciki. Ka kama ta sama da ƙasa: in ta yi wasa, boris ne (wanda taya ke juyawa a kansa) ko boljoyin (gaɓar da ke riƙe ƙafar taya daga ƙasa). Sai wani ya riƙa girgiza sitiyari, bakanike ya ɗora hannu a kowace gaɓa, har da bush ɗin da ke riƙe rak a jikin mota da gaɓar sandar sitiyari da ke kusa da ƙafar direba. Sai duk waɗannan sun fita lafiya sannan a fara zargin rak. Shi ya fi su tsada nesa ba kusa ba, shi ya sa macuta ke fara kiran sunansa.

In ya tabbata rak ɗin ne, ka tafi da ƙafarka shagon da ke da mazauni, ka karɓi rasit, a rubuta kwanakin gwaji. Ɗan Beljiyam na gaskiya yakan zo da ƙurarsa da alamar aiki, sabon fenti mai wari kuwa abin tuhuma ne. A janye roba ka ga sandar ciki, in da tsatsa ko jiƙon mai, ka bar shi. Tsohon kayanka naka ne, a sa maka a but. Bayan an taɓa tayarod ko rak kuma dole a je alaimen, wato saita tayoyi, in ba haka ba tayoyi za su cinye ta gefe guda.

Na koma garejin, aka ce ai mutumin ba ɗan wurin ba ne, inuwa kawai yake raɓa. Lambar mai babur ɗin a kashe take har yau. Duk wanda aka kawo wa rak a buhu cikin watannin nan, don Allah kada ya hau babban titi da iyali sai an ɗaga motar an duba.