Sharhi kan mazaunin madubin saiti: ƙarfen ya yi, notocin ne abin dubawa

Mazaunin da na ɗora wa bindigar farauta mai sakata, ƙirar Remington 700, dogon ƙarfe ne guda ɗaya na alminiyam mai tsagi-tsagi da ake ɗaura madubin saiti a kai, irin da ake kira Picatinny. Ya zo a 'yar leda da notoci huɗu da ƙaramin makulli mai bakin tauraro (Torx), babu takardar bayani. Aikin ƙarfen ba shi da laifi. Ya kwanta a bayan gidan sakata babu inda haske ke ratsawa ta ƙarƙashi, ramukansa sun yi daidai da na bindigar, zobban madubin saiti kuma sun kama shi ba wasa. Inda kamfanin ya gaza shi ne notocin: duka huɗun tsawonsu ɗaya, alhali ramukan da za su shiga ba zurfinsu ɗaya ba.

Ramin farko, na can gaba, a kan haƙoran bututu yake, wato inda aka murɗa bututun cikin gidan sakata. Ba shi da zurfi, kuma ƙarfe ne a ƙasansa. Idan noti ya yi tsawo, ƙasansa zai tokare bututun tun kafin kansa ya danne mazaunin. A hannu za ka ji ya ɗauru tam, ko da sukudireba mai awon ɗauri ka yi aiki zai nuna maka ya kai, amma ƙarfin duk a kan bututun ya ƙare. Sauran ukun ne ke riƙe da komai, gaban yana lilo da tazarar da ido ba ya gani. Wannan shi ne mafi sharri, domin ba ya nuna kansa sai a wurin harbi: yau saiti ya zauna, gobe harsashi ya yi sama ko gefe, sai mutum ya dinga zargin madubin ko harsashin, har ya sayar da madubi mai kyau a banza. Wanda ke goya bindiga a babur kan hanyoyin ƙauyukan Ningi ko Toro zai ga abin da wuri, saboda jijjiga tana ƙara buɗe tazarar.

Rami na biyu yana leƙa inda kunnen sakata ke juyawa ya kulle. Noti mai tsawo a nan yana hana hannun sakata sauka, ko ya sauka da ƙyar yana kankare ƙarfe. Na baya biyun kan hanyar sakata suke, idan sun leƙo za ka ji tana ja, ka ga zane mai sheƙi a jikinta. Waɗannan ukun suna tona asirin kansu nan take, ba su da wahalar ganewa.

Gwajin kuwa ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. A fara cire harsashi, a zare sakata, a leƙa cikin bututu a tabbatar babu komai. A kwance ƙananan notocin da kamfanin bindiga ya toshe ramukan da su, a goge ramukan da sifirit da ɗan auduga, don ƙurar hunturu da mai kan taru a ciki su rage zurfin. Sai a ɗauki noti a murɗa shi da yatsu a ramin gaba ba tare da mazaunin ba, ana ƙirga zagaye har ya tsaya. A kwance, a ɗora mazaunin, a sake murɗawa ana ƙirgawa. Dole ƙirga ta biyu ta gaza ta farko da aƙalla rabin zagaye, zagaye guda ya fi. A wannan mazaunin ƙirgar ta zo ɗaya, wato notin ya kai ƙasa. Na tabbatar ta hanyar shafa baƙar tawadar alƙalamin maka a ƙasan notin: da na kwance shi, tawadar ta goge a tsakiya, farin ƙarfe ya fito.

Gwaji na biyu, wanda na fi yarda da shi: noti ɗaya kawai a ɗaure, sauran ramukan a bar su wayam, a kama mazaunin a girgiza. In ya motsa, wannan notin bai danne ba. Haka za a bi su ɗaya bayan ɗaya, kowane karo a mayar da sakata a buɗe a rufe, a kuma zura yatsa ta ciki a ji ko wani abu ya leƙo.

Rage tsawon aikin magagari ne mai laushin haƙori. Yawancin bindigogin Amurka irin wannan notinsu 6-48 ne, haƙori 48 a inci ɗaya, saboda haka zagaye guda ya ɗan haura rabin milimita. Haƙori ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa a cire. A naɗe notin da ɗan fata kafin a kama da filaya, a goga a miƙe, sannan a ɗan zagaye bakin don ya shiga ba tare da ya ci ramin ba. Kada a yi zarin guga. Ana son haƙori uku zuwa huɗu su kasance cikin ƙarfen bindigar, ƙasa da haka naushin harbi na iya tsige su.

Wani zai ce me ya sa ba za a je kasuwar Muda Lawal ta Bauchi a nemo gajere ba. Notocin da ke kasuwanninmu na awon milimita ne. Notin milimita da ake kira M3.5 kaurinsa kusan ɗaya da 6-48, amma tazarar haƙoransa milimita 0.6 ce, na wancan kuwa 0.53. Zai shiga zagaye ɗaya ko biyu lafiya sannan ya cije, in aka matsa masa ya cinye haƙoran ramin. Daga nan sai maƙerin bindiga ya faɗaɗa ramin zuwa na noti mafi kauri, 8-40, aikin da kuɗinsa zai iya fin na mazaunin.

Wajen ɗaurin ƙarshe, 6-48 ba ya son ƙarfi. A sukudireba mai awon ɗauri, inci-fam 15 zuwa 18 ake yawan ba shi, kusan Nm 2 a awon mita, sai in kamfanin ya rubuta wani adadi. Makullin da ya zo a ledar taushi gare shi, bakinsa ya fara murɗewa tun kafin a gama, gara a nemi na kirki. A ɗiga Loctite shuɗi, gam ɗin da ke hana noti kwancewa, mai lamba 242 ko 243, a jikin notin, ba a cikin ramin ba, domin in ya tsiyaya ciki zai daskare a kan sakata. Jan Loctite kuwa sai da wuta yake kwancewa, ba wurinsa ba ne nan. A bar shi kwana guda kafin a harba.

Bayan an rage notin gaba, mazaunin ya zauna daram, sakata tana tafiya sumul, saiti bai sake gocewa ba. Mai magagari da haƙurin ƙirga zagaye zai ji daɗinsa a kan kuɗinsa. Wanda yake son ya buɗe leda ya ɗaura ya wuce, ya ƙara kuɗi ya sayi wanda ke zuwa da gajerun notoci na gaba da dogaye na baya, da takardar da ta nuna inda kowanne ke shiga, kuma ko shi ɗin a yi masa gwajin noti ɗaya-ɗaya kafin a ɗiga Loctite.