Jakar cajin batirin LiPo: ta yi, amma ba laya ba ce

Wata uku kenan da na sayi jakar nan ta cajin batirin LiPo (irin batirin lithium da ake sa wa motocin wasa na rimot), wadda ake saka shi a ciki don ta tare wuta in ya kama, irin mai launin azurfa da aka saƙa da zaren gilashi, bakinta da abin mannewan nan mai ƙara in ka ɓalle. Abin da ya kai ni siya kuwa batirin motar rimot ɗina ne 2S, wato mai sel (ɗakin caji) biyu, ya kumbura kamar fanke, kuma laifina ne, na bar shi cike taf 8.4V a but ɗin mota cikin zafin Afrilu kusan sati biyu, da na ɗauko har kwanson robar ya fara rabuwa. Wallahi ranar a tsakar gida ya kwana cikin bokitin yashi.

Wajen girma ba laifi, jakar tana cin batiri biyu masu 5000mAh kuma wayar caja da ƴar wayar balans (mai daidaita cajin kowane sel) suna fita ta gefen murfi ba tare da an lanƙwasa su ba. Ɗinkin ma da kauri. Inda ta ban haushi bakin ne, ƙura na shiga sai ya rage kamawa, sai ka bi da tsohon buroshi, in kuwa murfin bai rufu ba ai aikin banza kake.

Mai shagon ce min ya yi wai ba ta cin wuta sam. A'a malam. Aikinta ta tare harshen wutar kada ya lashi labule ko katifa ka samu lokacin da za ka yi wani abu, amma hayaƙin zai fita kuma guba ne, jakar kanta za ta ɗau zafi sosai. Shi ya sa a siminti nake ajiye ta nesa da jarkar fetur ɗin janareto, kuma na daina ɗabi'ar nan ta NEPA sun kawo wuta ƙarfe ɗayan dare ka jona caji ka koma barci. Ko a gasar tsere a Turai da Amurka, dokokin EFRA da ROAR, ƙungiyoyin da ke kula da tseren motocin rimot, cewa suka yi a yi caji cikin irin wannan jaka, batirin kuma ya zama mai kwanso mai tauri, don motocin nan karo suke ci ba na wasa ba.

Kuma jaka ba za ta gyara maka saitin caja ba, ni dai a balans nake yi kullum, 5A ga mai 5000mAh, kowane sel ya tsaya 4.2V, in ba zan fita ba na mayar da shi wajen 3.8V, a motar rimot ɗin kuma na saita ta yanke wuta kafin sel ya gangara 3.0V.

Zan ƙara siyan ɗaya don in raba batiran, biyu a jaka ɗaya in guda ya tashi ɗan uwansa zai ja.